Daga Anka Zuwa Gummi Da Littafin Shehu Maghili

Bayan kaka ta bara na yi tafiyar kwana shida a yammacin Jihar Zamfara domin gaisuwar ta'aziyya da sada zumunci. Ban ɗauki wani littafi ba sai ɗan ƙaramin nan Tajuddini na Shehu Maghili, wanda muka karanta a zaure tun muna samari. A wannan tafiya ce na fahimci babinsa na biyar.

Mun rabu da titin Sakkwato a mararrabar Mayanci, muka nufi Anka. Garin nan shi ne mazaunin Sarkin Zamfara. Bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18 sarautar ta yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, kafin ta zauna a Anka bayan jihadi. Ƙasa ce da ta san malamai, gama Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a Zamfara, kuma daga Sabon Gari rundunar jama'a ta tashi ta ci Birnin Kabi a 1805. Su kuwa malaman jihadin nan, a sha'anin mulki, ga Maghili suka yawaita jingina.

To, wane ne shi? Sunansa Muhammadu ɗan Abdulkarim, haifaffen Tilimsan ta ƙasar Aljeriya ta yau, a ƙarni na 15. Ya yi karatu wurin Shehu Abdurrahman Sa'alabi, sa'an nan ya zauna a Tuwat, matattarar fatake masu ƙetare Sahara. Mutum ne mai zafi. Ya tsananta wa Yahudawan Tuwat har aka rushe majami'arsu, alhali alƙalin wurin da waɗansu malaman zamanin sun saɓa masa a kan haka. Daga baya ya gangaro Ahir da Takedda, ya shigo Kano da Katsina, ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu, wanda ya yi masa tambayoyi ya amsa a rubuce. Ya koma Tuwat ya rasu wajen 1504. A Kano ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, littafin da ke aljihuna. Shehu Usmanu ya ciro amsoshin Askiya cikin Sirajul Ikhwani, Malam Abdullahi na Gwandu kuma ya dogara da shi cikin Liya'us Sulɗani.

Tajuddini babi takwas ne: kyautata niyya, kamalar shiga, tsara ma'aikata, tsantseni a gida da daji, binciken al'amura, adalci cikin hukunci, tara dukiya ta halal, da kashe ta inda ya dace. Abin da malamin ya yi ta nanatawa shi ne, babu musibar da ta kai shugaba ya shige bayan labule talakawa su kasa ganinsa. A babi na biyar ya wajabta masa ya nemi labarin abin da ke ɓoye gare shi ta hannun amintattu, kada ya zauna jiran a kawo masa ƙara.

Da dare a Anka, mai masaukina, wani dattijon malami, ya tuna mini da shekarar 2010. A ƙauyukan Dareta da Abare da Bagega, da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum, mutane sun riƙa ɗauko duwatsu masu zinariya suna niƙawa a cikin gidaje, ba su san akwai dalma a ciki ba. Ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe, ta shiga abinci da rijiyoyi. Yara kimanin 400 suka rasu, waɗansu dubbai suka buƙaci magani. Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda labarin ya fito. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF ne, da suka zo bin sawun sanƙarau, suka lura da yawan mutuwar yara suka kai rahoto. Bagega kuwa sai a 2013 aka fara kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. Dattijon ya ce mini, "Allah gafarta Malam, kowa a ƙauye ya san ana binne yara. Labarin ne bai hau sama ba."

Kashegari muka kama hanyar Bukkuyum, garin Sarkin Danko. Ƙasa ce mai albarka, ga fadamun Gulbin Zamfara, ga dawa da gero. Amma direba bai yarda mu yi sammako ba, bai kuma yarda la'asar ta same mu a hanya ba, saboda 'yan bindiga. A Janairun 2022 an kashe mutane masu yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum cikin 'yan kwanaki. Manoma sun ba ni labarin garuruwan da aka sa wa kuɗin fansar gona kafin a bar su su yi girbi. Na duba babi na bakwai, inda malamin ya iyakance abin da ya halatta ko sarki na gaskiya ya karɓa daga talaka, na ce a raina, duk inda hukuma ta janye ƙafarta, azzalumi ne ke zama mai karɓar haraji.

A Gummi, garin Sarkin Mafara, na zauna a rumfar wani attajiri mai sayen hatsi. Na karanta masa ma'anar babin, ya ce wannan ai maganar sarakuna ce da gwamnoni. Na ce masa, "Alhaji, ta haɗa da kai." Wanda ke sayen zinariya a awo bai taɓa tambayar inda aka niƙa dutsen ba, shi ma ya saki labule tsakaninsa da yaran nan. Haka ma'aikacin lafiya da ke rubuta rahoton ƙauyen da bai taka ba, da sufeton makarantu da ya san malamansa a takardar albashi kaɗai. Zamanin Rumfa labule shi ne ƙofar fada da dogarai. Yau teburin ofis ne da gilashin mota.

Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta ɗage hanin a Disambar 2024. Watau aikin ya dawo a fili, dalma kuwa tana nan cikin dutsen ba ta tafi ko'ina ba. Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ma'aikata, kowa ya ware rana ɗaya a wata ya je da ƙafarsa wurin da aka damƙa masa amana, ya saurari dagaci da liman da ungozoma. 'Yan kasuwa kuma su yi sharaɗi ga masu kawo musu zinariya cewa ba za su saya ba sai wadda aka sarrafa nesa da gidaje. Limamai su faɗi wannan a huɗuba.

Allah ya ji ƙan yaran nan da waɗanda aka kashe, ya dawo wa Zamfara da zaman lafiya, ya sa mu fita haƙƙin waɗanda ke ƙarƙashinmu, amin.