Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

Daren wata Talata ne, saura kwana biyu mu miƙa shafukan jarida ga maɗaba'a, na danna maɓallin na'urar da nake aiki da ita, ta ƙi tashi. Fankokin cikinta suka ɗauki gurnani kamar motar da ta kafe cikin rairayi, fitilar gaba ta kama, amma allon ya tsaya baƙi ƙirin. Na kashe, na sake kunnawa, har sau bakwai. Duk aikin mako yana cikinta: hirarraki, hotuna, da shafi huɗu da na riga na shirya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da safiyar wannan rana lafiyarta lau, kuma da hannuna na taɓa ta.

Bari in koma baya kaɗan. Na'urar nan HP Z800 ce, irin manyan kwamfutocin da aka fara fitarwa a 2009 domin injiniyoyi da masu haɗa fim. Nauyinta ya wuce kilo 20. Ta gama zamaninta a wani biro na Turai, ta shigo ƙasarmu cikin kayan hannu, na saye ta a Yamai da kuɗin da bai kai na sabuwar wayar salula ta kirki ba. Abin da ya bambanta ta da kwamfutocin da muka saba gani a ma'aikatu shi ne gurbi biyu gare ta na ƙwaƙwalwa, wadda masu gyara ke ce ma furosesar. Tawa ta zo da guda ɗaya, gurbi na biyu yana rufe da murfin roba. Wata da watanni, duk sa'ad da na buɗe ta don in kakkaɓe ƙura, wannan gurbi yana tsone mini ido, kamar mai amalanken shanu biyu da yake fama da sa guda.

Ran nan dai na tafi shagon wani Alhaji da na daɗe ina ciniki da shi. Na ce masa ina son Xeon mai saurin gigahaz 2,66, irin mai shiga gurbin 1366. Ya buɗe wani gwangwani, ya zaɓo mini ɗaya, ya haɗa mini da ƙarfen sanyaya da fankarsa da aka ciro daga wata matacciyar na'ura. Na biya jikka 15, na dawo gida ina ganin kaina gwani. Ƙwaƙwalwar ta zauna cikin gurbin daram, ba gardama. Na shafa man sanyaya, na ɗaure, na rufe. Daga nan ne gurnani ya fara.

Abin da na aikata cikin daren nan, yanzu ina iya faɗinsa ba kunya. Na zargi wutar lantarki, na sake fulogi. Na zargi ƙura, na hura ko'ina. Na cire sandunan RAM na sake jera su, na canza ƙaramin batirin da ke riƙe agogo, na cire katin hoto na mayar. Na yi waɗannan duka a jere, ba tare da na tsaya na gwada tsakanin ɗaya da ɗaya ba, har na kai ga ban ma tuna yadda abubuwan suke tun farko. Da ƙarfe biyu na dare na yanke hukunci: Alhaji ya sayar mini da mushe. Har na fara tsara wani rubutu cikin kaina a kan ƴan kasuwar da ke cutar jama'a da tarkacen Turai, kuma ku masu karatu kun san alƙalaminmu ba ya rasa tawada a irin wannan batu.

Da safe na ɗora ta a taksi zuwa wurin wani saurayi mai gyara, wanda bai wuce sa'ar ƙanena ba. Ya saurari dogon bayanina har ƙarshe, sannan ya ce: "Yaya, mene ne abu na ƙarshe da ka ƙara mata tana lafiya?" Na gaya masa. Ya cire sabuwar ƙwaƙwalwar, ya mayar da sandunan RAM wurarensu na gefen ta farko, ya danna. Na'ura ta tashi kamar ba ita ba. Sai ya cire tsohuwar, ya sa sabuwar ita kaɗai a gurbi na farko. Ta ƙi. Na ce: "To, ka gani! Matacciya ce." Ya ce: "Yi haƙuri tukuna." Ya kai ta cikin wata na'urar da ke shagonsa, ta tashi garau. Daga nan ya goge man da ke bisa duka biyun da ɗan ƙyalle, ya ajiye su gefe da gefe, ya miƙo mini gilashin ƙara girma.

A bayan tsohuwar an rubuta X5550, a ƙasa SLBF5. A bayan sabuwar an rubuta X5650, a ƙasa SLBV3. Lamba guda ce ta raba sunayensu. Saurinsu ɗaya, gigahaz 2,66. Wutar da aka ƙayyade masu ɗaya, wat 95. Girmansu ɗaya, gurbinsu ɗaya. Amma ta farko ƴar gidan 5500 ce, waɗanda Intel ya fitar a 2009, mai zuciya 4 da ma'ajiyar kusa ta mega 8, an sassaƙa ta da awon nanomita 45. Ta biyu ƴar gidan 5600 ce ta 2010, mai zuciya 6 da mega 12, da awon nanomita 32. Abin da na saya ya fi abin da nake da shi, kuma wannan fifikon ne ya hana su zama tare.

Ga yadda na fahimci lamarin, daga bakin saurayin da kuma abin da na karanta daga baya. Idan aka kunna na'ura irin wannan, kafin Windows ko wani tsari ya farka, akwai ɗan ƙaramin shiri da ke zaune cikin babban farantin, wanda ake kira BIOS. Shi ne ke tada ƙwaƙwalwa ɗaya ta zama jagora, ita kuma ta tada ta biyu. Kowace tana faɗin asalinta da wata lamba: gidansu, irinta, da zubin da aka yi ta. Ta 5500 tana amsawa da 106A5, ta 5600 da 206C2. Bayan haka dole su daidaita hanyar da za su riƙa magana da juna, wadda ake kira QPI, domin a wannan zubi kowace ƙwaƙwalwa ita ke riƙe da nata rabon RAM, hanyoyi uku-uku, kuma idan ɗaya tana bukatar abin da ke hannun ɗayar sai ta bi ta wannan hanya. Idan asalinsu ya saɓa, BIOS ba ya yarda a ci gaba. Wani sa'i ya rubuta dalili a allo, wani sa'i ya yi ƙara ko ƙyaftawar jar fitila, wani sa'i kuma ya yi shiru ya bar fankoki suna ihu. Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin taurin kai. Yanzu na gane gara ta ƙi tashi da ta tashi ta riƙa ɓata lissafi a ɓoye.

Saura tambaya guda: don me sabuwar ta ƙi tashi ko da ita kaɗai? Saurayin ya mayar da tsohuwar, ya danna F10 lokacin kunnawa, ya nuna mini wani kwanan wata cikin bayanan na'urar. Farantan Z800 iri biyu ne a wannan fuska. Waɗanda tushen BIOS ɗinsu ke ɗauke da kwanan watan Janairun 2009 an yi su ne domin ƴan gidan 5500. Masu ɗauke da na Nuwamban 2009 su ne ke karɓar ƴan 5600. Sabunta BIOS na yau da kullum ba ya taɓa wannan tushe. Tawa ta Janairu ce. Ke nan ko da na sayo X5650 guda biyu tagwaye, da asarar ta ninka ne kawai. Ya ƙara mini da wani tarko: akwai Xeon masu farawa da W35 ko W36, da ma wasu Core i7, waɗanda ke shiga wannan gurbi na 1366 daidai wa daida, amma hanyar QPI ɗaya tak gare su, don haka ba su iya aiki da abokiyar zama ko kaɗan.

Na koma wurin Alhaji da yamma, jikina a sanyaye. Na ce masa ƙwaƙwalwar lafiyarta lau, ni ne ban faɗi sunanta cikakke ba. Ya yi dariya, ya ce: "Malam, abin da ka tambaya shi na ba ka, har da gyara." Gaskiyarsa. Ya sake zazzage gwangwanin, muka yi ta duba bayansu ɗaya bayan ɗaya, har muka samu wata X5550 mai SLBF5. Bai karɓi ko dala a kan musayar ba. Ina tsaye a shagon ina tuna rubutun da na so in yi a kansa, na ji kunyar da ban taɓa ji ba a cikin wannan sana'a. Da na buga shi, da na ɓata sunan mutumin da ya yi shekaru yana gina amana, a kan lamba guda da na yi ƙyuyar karantawa.

Ban kawo wannan labari don kaina kaɗai ba. Duk wanda ya saba shiga ma'aikatunmu ya ga kwamfutocin da aka jingine a lungu an ce sun mutu, kuma ina da yaƙinin wasunsu ba abin da ya same su sai irin abin da ya samu tawa. Ma'aikaci yakan rubuta takardar oda ya ce a kawo furosesar mai sauri kaza, ɗan kasuwa ya kawo abin da aka rubuta, na'ura ta ƙi, sai zargi ya shiga tsakani: wannan ya ce an cuce shi, wancan ya ce ana so a hana shi kuɗinsa. Maganin abin ba tsada gare shi. A buɗe na'urar, a goge man, a kwafe sunan da lambar nan mai harufa biyar, a rubuta su cikin takardar. In matsala ta taso, a fara mayar da na'ura yadda take kafin a taɓa ta, sannan a canza abu ɗaya, a gwada, kafin a taɓa na biyu. A kuma yi hattara da gurbin, domin ƙananan alluran nan 1366 a cikinsa suke, ba a jikin ƙwaƙwalwar ba, kuma in ɗaya ta lanƙwashe an buɗe wata sabuwar wahala.

Jaridar wancan mako ta fita a kan lokaci, da ƙwaƙwalwa guda, kamar yadda ta saba fita. Sai ranar Asabar na sa ta biyu, a gaban saurayin. Ta tashi da zuciya 8. Na san ba ta da sauran dogon zamani: Windows 11 ba ya karɓar irinta, Microsoft kuma ya daina kula da Windows 10 tun Oktoban 2025, ga ta da shan wuta. Na mayar da ita kan Linux, tana shirya mini shafi ba ƙorafi. A cikin murfinta na liƙa ƴar takarda mai ɗauke da X5550, SLBF5, da kwanan watan Janairun 2009, saboda wanda zai gaje ta bayana.