Ƙugiya da Abincin Ƙarya: Zaɓen Kayan Fatsar Kifin Bas a Tafkunan Amurka

Hausa ta bambanta su da fatsa. Su sana'a ce ta gado, mai sarauta da tsari da asirai, ana yin ta da koma da homa da taru da birgi. Fatsa kuwa ƙugiya ce da zare, yaro ma kan yi ta a bakin kududdufi da tana ɗaya a gwangwani. A Amurka al'amarin ya juya: a ruwayen cikin ƙasa fatsa ce ta ɗauki darajar da muka ba su, ita ke da littattafai da mujallu da gasa da kantuna, kuma kifin da ya fi kowane jan hankalin masu yin ta shi ne wanda ake kira bas. Sunan zai sa Bahaushe murmushi, domin a wurinmu bas mota ce. Ba mu da wani suna da za mu ba shi, tun da babu shi a Kwara ko Binuwai ko Tafkin Chadi, don haka kifin bas zan ci gaba da ce masa.

Shekarun da na yi a Madison, cikin jihar Wiskonsin, su suka haɗa ni da shi. Gari ne da ke matse tsakanin tafkuna biyu, Mendota da Monona, kuma iri biyu na wannan kifi da aka fi sani duk suna cikinsu: mai babban baki da mai ƙaramin baki. Dukkansu na jinsin Micropterus ne, asalinsu Amurka ta Arewa. Wanda ya san giwan ruwa zai ga kama ta hali, domin kowannensu mafarauci ne mai kwanton ɓauna, amma ba dangi ba ne, kuma bas bai kai ko kusa da girman giwan ruwa ba. Mai babban baki yana son ruwa mai ɗumi, mai ciyawa da bado da kututturan da suka nitse. Mai ƙaramin baki ya fi son ruwa garau mai sanyi, mai duwatsu a ƙasa, inda yake farautar wata halitta mai kama da jatan lande. Wannan bambanci shi ne farkon abin da mai zaɓen kaya zai riƙe, tun kafin ya taka ƙofar kanti.

Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne mafi yawan masu fatsar bas ba sa sa abinci na gaskiya a ƙugiya. Abin kwaikwayo suke ɗaurawa, na katako ko roba ko ƙarfe, su jefa, su janyo, har kifi ya yi wa rogo kallon kitse. Ni abincin ƙarya nake kiran sa. Tarihinsa ba mai tsawo ba ne. James Heddon, mai kiwon zuma a garin Dowagiac na jihar Mishigan, ya fara sayar da nasa na katako a 1902. Lauri Rapala, wani masunci matalauci a ƙasar Finlan, ya sassaƙa ɗan kifi a 1936, ya lulluɓe shi da takardar azurfa ta cakulan, ya sa yana tafiya a karkace kamar kifi mai rauni, saboda ya lura cewa manyan kifaye mai rauni suke fara kai wa hari. Nick Creme kuma ya ƙera tanar roba a Akron ta jihar Ohayo a 1949. Mutum ukun nan babu wanda ya fara da ɗakin bincike. Zaman bakin ruwa da lura suka yi, irin wanda kowane Basarke ke yi tun yana yaro.

Yau idan ka shiga babban kantin kayan fatsa za ka tarar da bango guda cike da dubban irinsu, kowanne da launinsa da sunansa da alkawarinsa. Bayan na daɗe ina dubawa sai na ga duk yawan nan gida biyar ne. Akwai masu yawo a saman ruwa, kamar kwaɗon roba wanda ƙugiyoyinsa ke kwance a bayansa don ya ratsa bado ba tare da ya maƙale ba. Akwai mai farfela, wato lanƙwasasshiyar waya mai ɗauke da faranti ɗaya ko biyu masu juyawa suna walƙiya. Akwai kifin katako ko na roba mai leɓe, wanda tsawon leɓensa ke ƙayyade zurfin da zai nitsa in an ja shi. Akwai kan-dalma mai buje, ƙugiya ce da aka zuba wa dalma a ka aka ɗaura mata zaruruwan roba, ana sa ta tsalle-tsalle a ƙasan ruwa. Na biyar ita ce tanar roba da danginta. Kowane gida amsa ce ga tambaya ɗaya: a wane zurfi kifin yake yau, kuma da wane irin sauri zai yarda ya bi abinci?

Amsar tana wurin ruwa da lokaci. Kifi jikinsa yana bin zafin ruwan da yake ciki. A Wiskonsin tafkuna kan daskare da hunturu har mutane su yi tafiya a kansu, kuma bayan ƙanƙara ta narke kifin yakan kasance da nauyin jiki, ba ya bin abu mai gudu. A lokacin nan kan-dalma ko tanar roba da ake ja a hankali su ne abin dogaro. Idan ruwa ya kai kimanin digiri 15 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyos sai ya matso gefe don ƙwai, namijin ya share wuri a ƙasa ya tsaya gadi. A Yuli da Agusta, da rana ta take, yakan koma zurfi ko ya shige inuwar ciyawa da gadojin katako na bakin tafki, sai da asuba da almuru ya fito, a nan kwaɗon roba ke aikinsa. Wajen Satumba da Oktoba yakan bi garken ƙananan kifaye yana tara ƙiba, sai mai farfela da mai leɓe su karɓi fage.

Batun launi, wanda 'yan kasuwa suka fi kururutawa, ya fi sauran sauƙi. A ruwa garau ana zaɓen launin da ya yi kama da abin da kifin ya saba ci, kore-kore ko ƙasa-ƙasa ko ruwan azurfa. A gurɓataccen ruwa ana zaɓen baƙi ko mai haske ƙwarai, a kuma fifita abin da ke girgiza ruwa, domin kifi yana da wani layi a kowane gefen jikinsa da yake jin motsin ruwa da shi ko da bai ga komai ba. Akwatina bai taɓa wuce launi uku na kowane gida ba, kuma ban ga ranar da na rasa kifi saboda rashin na huɗu ba.

Sanda da zare suna bin abin da za a jefa. Sanda mai tsawon ƙafa shida da rabi zuwa bakwai, matsakaiciyar ƙarfi, takan ɗauki mafi yawan aikin. Na'urar naɗe zare, wadda nake ganin kwarkwaro ya dace da ita tun da masaƙa sun riga sun ba mu kalmar, iri biyu ce. Ɗaya tana rataye a ƙarƙashin sanda, zare na zubowa daga bakinta ba tare da ta juya ba. Ita ce ta mai koyo da ta abubuwa marasa nauyi. Ɗayar tana zaune a kan sanda, tana juyawa yayin jifa, ana sarrafa ta da babban yatsa. Ta fi ƙarfi da saiti, amma in yatsa ya makara zaren kan cukurkuɗe kamar sheƙar tsuntsu. Zare kuma iri uku ne. Na nailan yana da araha, yana miƙewa, ba ya saurin nitsewa. Na fulorokabon yana nitsewa kuma da wuya a gan shi a ruwa, ya dace da tafki garau. Na saƙa ba ya miƙewa ko kaɗan, ga ƙarfi duk da sirantakarsa, shi ake sa wa kwaɗon roba don a fizgo kifi daga cikin bado. Mai farawa zai wadatu da sanda ɗaya, kwarkwaro na ƙasa, zaren nailan mai ɗaukar laba 8 zuwa 10, da fakitin tanar roba da aka soke ta yadda tsinin ƙugiya zai ɓuya a jikinta, salon da ake dangantawa da Tekzas.

Nan ne nake da ja da kasuwar. Ranar 2 ga Yuni 1932, cikin shekarun matsin tattalin arziki, wani saurayi manomi mai suna George Perry ya kama bas mai nauyin laba 22 da oza 4 a tafkin Montgomery na jihar Jojiya, daga wani jirgin katako, da abincin ƙarya na kamfanin Creek Chub. Aka auna kifin, ya kai shi gida, iyali suka cinye. Tun daga nan an kashe dukiya mai yawa a kan jiragen gudu da na'urorin hango kifi a ƙarƙashin ruwa, amma babu wanda ya ture shi daga matsayinsa. Sai a Yulin 2009 Manabu Kurita ya kama mai kilo 10.12 a tafkin Biwa na Japan, aka ce sun yi kunnen doki domin ratar ba ta kai oza biyu da ƙa'ida ta tanada ba. Shi ma Kurita da ɗan kifi mai rai ya kama nasa. Kaya suna da amfaninsu, ban musa ba, har ma harajin kashi 10 cikin ɗari da dokar Dingell da Johnson ta 1950 ta ɗora a kan kayan fatsa shi ke tallafa wa jihohi wajen kula da ruwaye. Sai dai kantin yana so ka gaskata cewa ilimi yana cikin fakiti, alhali yana wurin wanda ya san inda ciyawa ta ƙare zurfi ya fara.

Kifin ma ba ya zama wuri ɗaya yana jiran yaudara. A tafkin da ake yawan fatsa yakan ƙi abin da ya taɓa soke shi, kamar mai cewa kifi na ganinka mai jar koma. Binciken da David Philipp da abokan aikinsa suka daɗe suna yi a tafkin Ridge na jihar Ilinoi, wanda suka buga a 2009, ya nuna cewa saurin faɗawa ƙugiya hali ne da ake gado. Ke nan idan aka riƙa kwashe masu zalama, masu taka-tsantsan ne za su hayayyafa. Zaɓen mai fatsa yana shiga har cikin jinin kifin da jikokinsa za su tarar.

Wannan ya kai mu ga al'adar da ta fi wuyar bayani a gida. Ray Scott ya shirya gasarsa ta farko a tafkin Beaver na jihar Akansas a 1967, ya kafa ƙungiyar B.A.S.S. a 1968, kuma tun farkon shekarun 1970 ya riƙa kira da a mayar da kifi ruwa da ransa. Yau mafi yawan masu fatsar bas haka suke yi. Da na ba wani kawuna labari, mutumin ƙasar Yawuri da ya tsufa a kan kwale-kwale, sai ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To ɗana, in ka kama ka saki, me ya kai ka ruwa?" Na ce, "Kawu, nishaɗi ne." Ya ce, "Kai ka yi nishaɗi, shi kuwa bakinsa ya yage." Ban raina maganarsa ba. A wurin wanda ruwa ne gonarsa, kifi arziki ne daga Allah, ba a wasa da shi. Ba'amurke kuma zai ce tafkin da dubban mutane ke jefa ƙugiya a cikinsa ba zai ɗore ba in kowa ya tafi da abin da ya kama. Ko a duniyar bas ɗin ma hukuncin ba ɗaya ba ne: a tafkin Biwa, inda kifin baƙo ne mai cinye na asali, hukumar lardin Shiga ta hana mayar da shi ruwa tun 2003.

Maganar Kawu ta shiga cikin yadda nake zaɓen kaya. Nakan danne ƙayar ƙugiya da filaya don ta fita ba tare da yaga ba. Nakan sa zare mai ƙarfin da zai kawo kifi da wuri kafin ya galabaita. Nakan guji ƙananan dalma, domin tsuntsayen ruwa kan haɗiye su su mutu, dalilin da ya sa jihar Niyu Hamsha ta hana amfani da su a tafkunanta tun 2000. Akwai madadinsu na baƙin ƙarfe da na tangistin. Idan kuma doka ta yarda, girman kifin ya kai, nakan ɗauki ɗaya in kai gida a soya, in bar sauran.

Saura abin da ya shafe mu kai tsaye, mu masu nazarin Hausa. Duk abin da Heddon da Rapala suka lura da shi an rubuta, an zana, an ba shi suna, har ya zama masana'anta. Masuntanmu na Argungu da Yawuri da Baga da fadamun Haɗeja da Nguru sun san abin da tsage ke so da abin da tarwaɗa ke so, sun san ruwan da ake kafa mamari da wanda ake jefa birgi, kuma yawancin wannan sani a baki yake, a bakin tsofaffi. Kalmomin da na yi amfani da su a nan, abincin ƙarya da kwarkwaro da kan-dalma da mai farfela, shawara ce kawai. Ina roƙon duk abokin aikin da bincikensa zai kai shi bakin ruwa ya ɗauki ɗan kifin roba ɗaya a aljihu, ya miƙa wa Sarkin Ruwa ko wani dattijon masunci, ya tambaye shi me zai kira shi, ya rubuta amsar yadda ta fito.