Abin da Na Gani Cikin Kunkurun Kakata

Yau labarin kunkuru zan ba ku, kada ku yi dariya.

Kakata tana da wani ƙaton kunkuru, irin na dajin Sahel, wanda ya girme ni a gidan. Bara ya daina cin ganye, ya lafe a gindin rumbu. Mutum in ba shi da lafiya a tambayi fuska, to kunkuru fa? Da an matso sai ya shige ɗakinsa. Na lallashi tsohuwa har ta yarda muka kai shi wurin likitan dabbobi, ya ce sai an ɗauki hoton ƙashi.

A kwalejin horon malamai an koya mana cewa wani Bajamushe, Rontgen, shi ya gano hasken nan mai ratsa tsoka a 1895, har ya ɗauki hannun matarsa, ga ƙasusuwa ga zobe. Amma ban taɓa zaton za a haska kunkuru ba. Aka ɗauke shi ta sama, sa'an nan aka ɗora shi bisa kifaffen bokiti, ƙafafu na reto, aka ɗauka ta gefe da ta gaba, domin huhunsa can sama yake, dab da ƙoƙon baya.

Da aka nuna mana hoton sai ga wani farin abu kamar ƙwan zabo. Likita ya ce dutse ne a mafitsara, kuma ƙarancin ruwa na kawo shi. Mu kuwa tun tasowarmu cewa ake yi kunkuru ba ya shan ruwa!

Amma abin da ya fi sanyaya mini jiki daban ne. Ashe ƙoƙon nan ba riga ba ce. Haƙarƙarinsa ne da ƙashin bayansa suka haɗe suka zama rufi, da jini da jijiya a ciki. A gefensa kuwa akwai huda da aka yi da ƙusa don ɗaure igiya, kuma ni na riƙe shi ran da aka huda, ina 'yar shekara tara. Ke mai karatu, in akwai kunkuru a gidanku, duba gefen nasa.

An yi masa aiki an cire dutsen. Yanzu kullum da safe tsohuwa kan cika masa kasko da ruwa, tana mita wai ya zama ɗan gata. Igiyar kuwa ta koma wuyan akuya.