Ruwan Waliya da Littafin Daniyel

A watan Oktoba na 2022 kogin Shari da na Logon suka cika suka tumbatsa, ruwa ya shiga unguwar Waliya a kudancin Njamena, ya narkar da gidajen laka. Dubban mutane suka koma filin Tukra, suka zauna a rumfunan tamfol. A cikin watan nan kuma, ran 20, aka yi zanga-zanga a birni, mutane da yawa suka rasa rayukansu. Ba abin mamaki ba ne da magana ta bazu a sansanin cewa ƙarshen duniya ya zo.

Akwai wata gwauruwa a cikinsu, mai tuyar ƙosai. Abin da ta tsira da shi daga ruwan shi ne ɗanta da ɗan kuɗin makarantarsa, ƙulle a bakin zane. Wani mai wa'azi ya ratsa sansanin yana karanta Markus sura 13, yana lissafa yaƙi da yunwa, ya ce saura kwanaki kaɗan. Matar ta ƙudura ta cire yaron daga makaranta ta rabar da kuɗin, gama me karatu zai amfana wa wanda ba zai ga baɗi ba? Amma ta fara zuwa wurin wani dattijon ikilisiya.

"Baba, ashe ba haka Yesu ya faɗa ba?"

"'Yata, zauna tukuna," in ji shi. Ya buɗe Daniyel, ba Markus ba.

Ya gaya mata cewa irin maganar nan ta girmi Bishara. Yahudawa suna da littattafan wahayi, waɗanda ake rubutawa sa'ad da aka danne jama'a har ba su iya faɗin sunan azzalumi a fili. A shekara ta 167 kafin haihuwar Almasihu, Antiyokus na Huɗu, sarkin Suriya, ya hana kiyaye Asabar da kaciya, ya kafa bagaden gumaka a Haikalin Urushalima. Yawancin masana suna ganin a kwanakin nan ne wahayoyin Daniyel suka kai ga kamannin da muka sani. A sura 7 namomin jeji huɗu suna fitowa daga teku, mulkoki ke nan, kowanne da wa'adinsa. Sa'an nan aka ba wani mai kama da ɗan mutum sarauta. Masu sauraron farko sun gane wanda ake nufi. A shekara ta 164 aka tsarkake Haikali, Antiyokus kuwa ya mutu.

Ba Daniyel kaɗai ba ne. Akwai Littafin Anuhu, wanda ikilisiyar Habasha take riƙe da shi a Littafi Mai Tsarki nata har yau, an kuma sami guntayensa a kogwannin Kumran kusa da Tekun Gishiri, inda aka fara gano tsofaffin takardu a 1947. Wasiƙar Yahuza ma ta ɗauko magana daga cikinsa. Littafin yana yawan maganar ruwan tufana na zamanin Nuhu. A nan matar ta ɗaga kai, domin ruwa kam ta san shi.

Da wannan harshe Yesu ya yi magana, da shi kuma marubutan Bishara suka rubuta. Sunan nan Ɗan Mutum mai zuwa cikin gajimare daga Daniyel yake. Markus ya yi rubutu wajen shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu, lokacin da Romawa suka rushe Haikali, ya kuma ɗauko maganar Daniyel a kan ƙazantar da aka kafa a wuri mai tsarki. Luka, da yake rubuta wa waɗanda ba su saba da salon ba, ya faɗa a sarari a sura 21, wato sojoji ne za su kewaye Urushalima. Mai wa'azin Tukra bai kai nan ba, kuma da alama bai karanta surar Markus har ƙarshe ba.

"To Baba, ba zai dawo ba ke nan?"

"Zai dawo mana. Amma duba aya ta 32." Ya sa yaron ya karanta, domin idon dattijon ya yi rauni. A nan Yesu ya nuna ba wanda ya san ranar sai Uba, ko mala'iku, ko Ɗan kansa. Ayoyin da ke biye kuwa suna maganar maigida da ya yi tafiya ya bar wa kowane bawa aikinsa.

"Naki aikin ke nan zaune kusa da ke," in ji dattijon. "Ga shi yana karatu ba gargada."

Ba ta amsa ba. Ta ɗauki yaron suka koma rumfarsu. Kashegari da sassafe aka ji ƙanshin ƙosai a bakin hanyar sansanin, a kan murhun duwatsu uku da kaskon aro. Kuɗin yana nan a bakin zane har ranar da ta kai shi makaranta.