Abin da Muka Tsinta a Tabarmar Mai Gwanjo

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Mu dai ba mu san zurfin wannan magana ba sai da muka fara tsugunawa gaban masu sayar da littattafan gwanjo a Samarun Zariya, a shekarun da muke karatun difloma ta koyarwa. A bakin titi ake baza su, kan tabarma ko buhu, rana ta dake su, ƙura ta rufe su, wasu babu bango, wasu gara ta ci musu gefe. Ɗan kuɗin da ya kamata mu ci tuwon dare da shi, sau da yawa a nan yake ƙarewa. Idan hutu ya zo, mu ɗaure su a kwali, daga Zariya zuwa Funtuwa, daga Funtuwa zuwa Ƙanƙara, 'yan gida suna tsammanin tsaraba ce.

Akwai wani dattijo da muka fi sabawa da shi. Bai taɓa karanta ko ɗaya daga cikin hajarsa ba, da kauri yake yi musu kuɗi. Wata rana muka ɗauki wani siriri wanda ruwa ya taɓa, muka ce, "Baba, wannan fa?" Ya jujjuya shi ya ce, "Malam, wannan ai ba shi da nauyi, kawo abin da ya sawwaƙa." Gajerun labarai ne na Anton Chekhov, likitan nan marubuci na ƙasar Rasha, wanda ya rasu a 1904.

Ya kai ɗan'uwa mai sha'awar rubutu, ka lura da hannayen da littafin nan ya bi kafin ya iso gare mu. Chekhov ya rubuta da Rashanci. Wata Baturiyar Ingila, Constance Garnett, wadda ta fassara littattafan Rasha wajen 70, ta mayar da shi Turanci. Wani da ba mu sani ba ya saya, ya ja layi a ƙarƙashin wuraren da suka burge shi, sannan ko talauci ko mutuwa ta raba shi da shi. Haka sauran suke. Ta wannan hanya muka san Ɗayyib Salih na Sudan, wanda Denys Johnson-Davies ya fassara daga Larabci, da Najib Mahfuz na Misira da ya ci kyautar Nobel a 1988, da Mariyama Ba ta Senegal da Kamara Laye na Gini, waɗanda da Faransanci suka yi rubutu. Tun bayan karyewar darajar naira a 1986, sabon littafin waje ya fi ƙarfin aljihun malamin makaranta. Ba don gwanjo ba, da ko sunayen waɗannan mutane ba mu ji ba.

To, a cikin siririn littafin nan akwai labarin wani yaro mai suna Banka, wanda Chekhov ya rubuta a 1886. Maraya ne ɗan shekara tara, an kai shi birnin Masko koyon ɗinkin takalmi. A daren wani biki, da maigida da iyalinsa suka fita, sai ya ɗauko tawada ya rubuta wa kakansa, wani tsohon mai gadi, wasiƙa. Ya faɗa masa dukan da yake sha da yunwar da yake kwana da ita, ya roƙe shi ya zo ya ɗauke shi. Da ya gama, a bayan ambulan sai ya sa sunan kakan, ya ce a kai masa ƙauye, bai faɗi ko wane ƙauye ba. Ya jefa a akwatin gidan waya, ya dawo ya yi barci da murna. Mai karatu ya san wasiƙar ba za ta je ba, yaron bai sani ba.

Shekara da shekaru muna ba ɗalibai aron irin waɗannan littattafai, suna dawo mana da su ba su wuce shafi biyu ba. Muka riƙa ɗora musu laifin lalaci, alhali Turancin ne ya tsaya musu a wuya. Wata rana da sauran lokaci bayan darasi, sai muka rufe littafin muka ba su labarin da Hausa. Masko ta koma Kano, mai ɗinkin takalmi ya koma baduku, daren bikin ya koma daren sallah. Ajin ya yi tsit. Da muka kai ƙarshe, wani yaro daga wani ƙauyen Faskari, wanda ya yi almajiranci kafin ya shigo boko, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, don Allah kakan ya zo?" Muka ce marubucin bai faɗa ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai ba ya zuwa, Malam."

Bayan abin da ya sami garinmu a daren 11 ga Disamba, 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya aka shiga daji da su, labarin ya ƙara mana nauyi. Allah ya dawo da yaran bayan kwana shida, amma har yau a ajinmu akwai 'ya'yan waɗanda suka baro ƙauyukansu a yankin Faskari da Sabuwa. Idan an ce musu yaro yana kiran gida amma babu adireshi, ba su bukatar a yi musu sharhi.

Mun san wasu daga cikin 'yan'uwa za su ce kayan aro ba ya rufe katara. Akwai gaskiya a ciki. Abin da muka karanta muryar Garnett ce, ba ta Chekhov ba, kamar mai sauraron baƙo ta bakin tafinta. Haka kuma a cikin littattafan akwai al'adun da ba namu ba, waɗanda dole malami ya sheƙe kafin ya kai gaban yara. Amma mu tuna da Alhaji Abubakar Imam. Yana malami a Midil ta Katsina aka kira shi Zariya a 1936, Dokta Rupert East ya tara masa littattafan tatsuniyoyin Larabawa da Indiyawa da Turawa. Ya karanta, ya narkar, ya fito da Magana Jari Ce. Wa zai ce yau aku Wazirin Sarki baƙo ne a ƙasar Hausa? Nan kusa da mu ma, Bala Funtuwa ya fassara littafin George Orwell ya zama Gandun Dabbobi a 1975, Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya ba mu Daren Sha Biyu daga wasan Shakespeare. Abin da aka aro aka ajiye a akwati shi ne ba ya rufe katara. Wanda aka warware aka sake ɗinkawa daidai jiki ya zama riga.

Laifinmu, mu da Allah ya ba ɗan Turanci, shi ne mun mayar da littattafan nan kayan ado. Namu akwatin, a daminar da ta wuce muka buɗe muka tarar gara ta cinye kusan rabi, har da wasu da ba mu taɓa ba wa kowa labarinsu ba. Dattijon Samaru ma da muka je neman sa, an ce ya riga mu gidan gaskiya, wurin da yake baza tabarma yanzu rumfar cajin waya ce.

Don haka muke kira ga matasa masu son rubutu: idan kun ga tabarmar mai gwanjo ku tsuguna. Ku duba sunan wanda ya fassara kamar yadda kuke duba na marubuci. Ku lura da yadda Chekhov ya tsaya bai ce komai ba a inda mu za mu cika shafi da wa'azi. Sannan ku ɗauki labari ɗaya, ko shafi huɗu ne, ku juya shi zuwa Hausar da kakarku za ta gane, ku faɗi inda kuka samo shi, domin aro daban, sata daban.

Mu dai mun fara. Labarin Banka yana nan a littafin rubutu mai shafi 40, da Hausa, ɗalibai suna ta karɓa hannu zuwa hannu har ya fara yagewa. Allah ya sa ya isa inda aka aike shi, amin.