Taya Biyu, Rai Ɗaya: Kafin Ka Haɗa Tayoyin Kamfani Daban a Babur

'Yan uwa masu babur, musamman 'yan acaɓa da ke neman halak ɗinsu a kan titi, akwai maganar da ta daɗe tana damuna. Idan tayar baya ta suɗe, yawancinmu mukan tsaya wurin mai faci mu ce a sa wadda kuɗinmu ya kai. Sai ka ga gaba MRF, baya CST ko Kenda. Ana cewa ai taya taya ce. To, ba haka abin yake ba.

Mota tana da ƙafa huɗu, idan ɗaya ta yi rauni sauran sukan rufa mata asiri. Babur kuwa biyu gare shi, kuma wurin da kowace take taɓa ƙasa bai kai tafin hannu ba. A ɗan wannan wurin ne birki da kwana da nauyin fasinja duk suke sauka.

Kamfani yakan ƙera tayar gaba da ta baya don su yi aiki tare, kamar shanun huɗa da suka saba da juna. Wata tayar bayanta a zagaye yake, tana saurin kwanciya a kwana. Wata ta fi faɗi, sai an lallaɓa ta. Wata robarta mai laushi ce, tana kama kwalta amma tana saurin cinyewa. Wata mai tauri ce, tana daɗewa amma tana santsi idan an yi ruwa. Da rani ba lallai ka ji bambanci ba. Ranar da damina ta jiƙa titi, ka taka birki a kwana, ranar ce gaba za ta riƙe baya ta zame, ko gaban ta zame, wanda ya fi muni, domin a kanta mafi yawan ƙarfin birki yake.

Na san halin da ake ciki. Ba kowa ke iya sayen biyu rana ɗaya ba, ga balas na jiran mai babur da yamma. Idan haɗawar ta zama dole, a kiyaye waɗannan.

Lambar girma ta zama wadda masu ƙera babur ɗin suka tsara. Idan 2.75-17 ce a gaba, 3.00-17 a baya, kada a sauya don an samu mai araha. Kada a haɗa radiyal da wadda ba radiyal ba. Kada a sa tayar daji mai manyan haƙora a ƙafa ɗaya, ta kwalta a ɗayar. A duba kibiyar da ke gefen taya, ita ke nuna inda za ta juya. A duba lambobi huɗu na ranar ƙira: 2322 na nufin mako na 23 a 2022. Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya tana gargaɗi kan tayar da ta wuce shekara 4 da ƙira, don haka a yi hattara da ta gwanjo ko da zanenta na ƙyalli.

Sabuwar taya kuma tana da santsi a kwanakin farko, a bi ta a hankali har hannu ya saba da ita. A riƙa auna iska da safe kafin taya ta yi zafi.

Mai hawa bayanka ba ya duba tayarka, ya yarda da kai ne kawai. Wannan amana ce, kuma tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi. Allah Ya tsare mu a hanya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.