Safa Bayan Gyambo

Litinin, 3 ga Maris
An kwance bandeji. Wurin ya rufe, saman idon sawu ta ciki. Fata sabuwa, siririya, mai sheƙi, kewayenta baƙi ƙirin. Na ɗauka sallama ce. Sista ta ce, "Baba, gyambon ne ya warke, jijiyar tana nan yadda take." Ƙofofin cikinta masu hana jini gangarowa sun saki, jini ya taru a ƙafa, ya yi ta matsa fata har ta fashe. Sai safa. Har yaushe? Ba rana.

Kafin nan awon jini a hannu da ƙafa, da 'yar na'urar nan mai huci. Nawa 1.0. In ya gaza 0.8, ta ce, ba a matse ƙafa kai tsaye, jinin da ke sauka ma bai wadata ba.

Laraba, 5
Tef a idon sawu, a sharaɓa, tsawo zuwa ƙasan gwiwa. Da safe, kafin kumburi. Aji na 2 a ma'aunin Ingila, matsi 18 zuwa 24 a idon sawu, yana sassautawa zuwa sama. Bandejin da ya warkar da ni wajen 40 ne. Aji na 3, 25 zuwa 35, ya fi tsare dawowar ciwo, amma da yawa sukan gaji su ajiye shi. Wadda za ka sa kullum ta fi wadda ke cikin akwati, in ji ta.
Kuɗin kuwa, kar a tona. Kuma biyu ake so, ɗaya a ƙafa ɗaya a wanki.

Alhamis, 6
Kokawa bayan sahur. Dunduniya ta ƙi shiga. Gumi, yatsu na ciwo. Uwargida ta kawo leda ta sa min a ƙafa, safar ta zame a kai, ta zare ledar ta bakin yatsu. "Malam, da ka kira ni tun ɗazu."

Asabar, 8
Shago. Masu son aski sun yi layi, tsayuwa tun hantsi. Tsakanin kai da kai ina ɗaga dunduniya, sama, ƙasa, naman sharaɓa ya tura jini. Yaron shago na dariya. La'asar ta yi, ƙafa ba nauyi. Mamaki.

Talata, 11
Zafi. Ƙaiƙayi ƙarƙashin safa, ba damar susa. Na naɗe bakinta ƙasa don iska, ta shata min zobe. An hana wannan, naɗi ninka matsi ne a wuri ɗaya. Na mayar.
Alwala: tambayi liman.

Juma'a, 14
Ya ce lalura ce, a shafa a kai kamar ɗaurin ciwo. Hankali ya kwanta. Tarawihi a zaune daga rabi.

Lahadi, 16
Ba komai. Cirewa da dare, wanke ƙafa, mai, filo biyu. Wankin safa da hannu, shanya a inuwa.

Alhamis, 20
Ban sa ba. Ba dalili.

Juma'a, 21
Bakin takalmi ya fito a fata, yatsa ya nutse ya bar rami. Na sa tun asuba, ban ce wa kowa komai ba.

Litinin, 24
Likita ya tado maganar toshe jijiyar da ta lalace. Wani bincike a Ingila, 2004: masu safa kaɗai, kashi 28 cikin 100 gyambo ya dawo musu cikin shekara, waɗanda aka haɗa musu da tiyata, 12. Na ce to bayan tiyata an huta da safa? Ya girgiza kai. Hoton jijiya tukuna, bayan Sallah. Safa kuma a sauya duk wata 3 zuwa 6, robar tana mutuwa ko ido bai gani ba.

Alhamis, 27
Cunkoson askin Sallah. Ban zauna ba sai buɗa baki.

Asabar, 29
Gefen tabon wani ɗan ja, bai kai ƙwayar wake ba. Ba ruwa. Na kewaye shi da biro, na haska da fitilar waya, na sake haskawa. Uwargida ta ce cizon sauro ne. Ta cikin safa?
Asibiti sai an dawo hutu. Gobe ko jibi Idi, tafiya a ƙasa har fili. Zan sa sabuwar, tsohuwar ta fara saki a dunduniya.